Katakon Ruwa da Ƙafar Na-Wudil

Tun muna hanyar Makka akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Maigidana mutum ne da bai iya cewa a'a ba. In babba ya ce masa ya shiga wuta, sai dai ya tambaya ta wace ƙofa. A Wudil wannan hali bai dame ni sosai ba, don akwai yayyensa masu tsawatar masa. Amma a ƙasar da ba dangin iya ba na baba, kullum ina jiran ranar da wani zai gane halinsa ya hau kansa. Mu kuwa ba mu da wani jari sai ƙafafunsa biyu. Su suka fito da mu, su ke ciyar da mu, su kuma nake sa ran za su mai da mu gida.

A ƙasar Cadi na fara ganin alama. Wani direban babbar mota ya karɓi kuɗin kai mu iyakar Sudan, ya sauke mu a tsakiyar daji ya ce injin ya gaji da mu. Sauran fasinja suna zagi, maigidana yana yi masa Allah ya kiyaye hanya.

A Sudan muka yada zango muna ɗibar auduga, a can na haihu. Wata tsohuwa mai zane a kumatu, wadda ba na jin yarenta ba ta jin nawa, ita ta yanke cibi, ta yi ta ɗura mini wani kunu mai ɗaci har ruwan nono ya zo. Ban san sunanta ba har yau. Yarinyar kuwa Ta-Sudan ake ce mata.

Daga Suwakin, bakin tekun Sudan, aka loda mu a jirgin katako kamar buhunan gyaɗa. Ba zan ba da labarin warin cikinsa ba, kada mai karatu ya kasance yana cin abinci. Muka sauka Jidda, muka isa Makka, muka sauke farali. Da alhazai suka watse sai muka duba guzuri muka ga ko na kaiwa bakin teku babu. Haka muka zama 'yan takari, ba mu da iƙama, wato takardar izinin zama, in mun hango 'yan sanda mu bi wani lungu.

A unguwar Mansur wata Bakatsiniya, Iya Gambo, ta raba mana ɗakinta na langa-langa da labulen buhu. Maigida ya kama aikin ga-ruwa, garwa biyu a sanda, yana hawa dogayen benaye da tuddan garin nan da ba sa ƙarewa. Kowa Na-Wudil yake ce masa. Ni kuma Iya Gambo ta samo mini wankau a gidan wani attajiri can unguwar Shisha, ina goye da 'yata ina dirzar fararen riguna.

Wakilin gidan wani ne Alhaji Sa'idu. Kakanninsa Hausawa ne, amma shi a Makka aka haife shi, yana da takarda, yana da agogo, Hausarsa kuwa rabi Larabci ce. In yana gaban masu gida ba ya jin Hausa sam. Sai an zo aikin da ba Balaraben da zai taɓa, sannan yake tuna mu 'yan uwansa ne.

Wata rana aka sauke wani dogon akwati a tsakar gida. Na Sidi Nabil ne, ɗan autan gidan, wanda ya dawo daga karatu a Bairut da gashi sharkaf da mai. Aka ɓalle akwatin ina shanya. Katako ne guda uku, sumul-sumul, kowanne ya kusa tsawon mutum. Biyu iri ɗaya ne, masu faɗi, kowanne da takalmin roba ɗaya a kafe a tsakiyarsa. Na ukun siriri ne, wutsiyarsa a tsuke, a ƙarƙashinta an kafa wani ƙarfe kamar ƙayar bayan kifi. Shi takalmi biyu gare shi a jere, na gaba cikakke har da dunduniya, na baya kuwa ɗan maɗauri ne da yatsu kawai ke shiga. Akwai doguwar igiya mai sanda a baki, da wata ɗamara mai kauri kamar matashi, da riga mai kumburi da aka ce tana hana nutsewa.

Na tambayi Dada Zahra, tsohuwar Bahabashiya mai dafa abincin gidan, ko mene ne wannan. Da ɗan Larabcin da na tsinta da nuni da hannu ta fahimtar da ni: mutum zai tsaya a kan katako, ya riƙe igiya, jirgi mai inji ya ja shi a kan teku a guje.

Na ce, "To in ya isa can, me zai ɗauko?"

Ta ce, "Ba komai. Ya juyo."

Na dubi ruwan ɗauraya da nake tattalawa don in jiƙa wasu kayan da shi, na ci gaba da shanyata.

Da la'asar maigida ya zo ɗaukar mini ƙunshin wanki, Alhaji Sa'idu ya tare shi da fara'ar da ban taɓa gani a fuskarsa ba.

"Ya Na-Wudil, ta'al. Ba kai ne ɗan masunta ba? Kai ke cika mana baki kana ƙetare kogi a kan gora?"

"Ni ne, Alhaji."

"Ɗayyib. Allah ya kashe ya ba ka. Sidi zai kai ka teku."

Ga yadda maganar take. Sidi Nabil ya ga ana wasan nan a Bairut, kuma abokansa na nan tafe. Masu sayar da kayan sun ce mai koyo da katako biyu yake farawa, sai ya goge sannan ya koma ɗaya. Shi kuwa ya ce biyu na yara ne da mata, ɗaya yake so, wanda ake karkacewa dama da hagu ruwa na tashi kamar bango. Amma ba ya so ya yi ta faɗuwa a gaban mutane. Saboda haka wani zai fara hawa, a gwada a kansa a ga wane tsawon igiya ya fi, wane gudu ya fi, sannan shi ya zo ya hau a shirye.

Alhaji Sa'idu ya ce, "Kai za ka ɗanɗana miyar, Sidi ya sha."

Maigida ya yi dariya. Ni ban ga abin dariya ba.

Nan take aka shimfiɗa siririn katakon a ƙasa aka ce ya sa ƙafa. An riga an ɗaure takalmin daidai ƙafar Sidi Nabil, 'yar mitsitsiya mai laushi kamar ta amarya. Ƙafar ga-ruwa kuwa kun san ta, faffaɗa, ga kaushi, ga faso. Ta ƙi shiga. Akwai kusoshi a gefe da ake kwancewa a matsar da dunduniyar baya, amma Sidi ya ce kada wanda ya taɓa, ya sha wahala kafin ya daidaita. Sai ya ce a kawo sabulu. Sabuluna na wanki aka karɓa, aka mulke ƙafar, Alhaji Sa'idu ya dafa kafaɗarsa yana dannawa har ta shige da wata ƙara. Wajen cirewa sai da mutum biyu suka ja.

Alhaji Sa'idu ya ce, "Haka ya fi. Katakon nan ya fi ka tsada, kai da matarka da goyonta. In ya suɓuce ya bi ruwa, ka san sauran."

Da aka gama, Sidi ya nuna mini takalmin da bakin sandarsa ya ce in wanke cikinsa sosai. Na wanke. Ƙafar mijina ce aka ce in wanke dattinta daga roba, ni kuma na durƙusa na wanke.

A hanyar Mansur na ce, "Malam, don girman Allah ka ce ba ka iyawa."

"Talatu, a gidansu kike samun abin da muke ci. In ce wa ɗan mai gida me?"

"Ka ce ƙafarka ciwo take."

"In yi ƙarya a garin Makka?" Ya yi tafiya kaɗan, sannan ya ce a hankali, "Rabon da ruwa ya kai mini wuya tun Wudil. Kullum ina ɗauke da shi a kafaɗa, ban isa in shiga ba."

Daga nan na san ba biyayya ce kaɗai ke jansa ba. Ni ma na tuna kogin, da mata masu wanki a kan duwatsu, da ƙamshin kifin da uwarsa ke bandawa, sai na kasa ci gaba da faɗa.

Ranar Alhamis aka ɗebi gidan duka zuwa wani gidan hutawarsu a bakin ruwa, gaba da Jidda. Ni an tafi da ni don wanke-wanke da rainon jikoki. Mu 'yan aiki a bayan a-kori-kura muka zauna da tukwane. Da muka zo shingen 'yan sanda na dunƙule na rufe bakin Ta-Sudan da nono, amma da suka ga motar wane ce ko leƙowa ba su yi ba.

Wurin wani hannun teku ne da ya kutso cikin tudu, ruwan shuɗi, a kwance. Mai kula da jirgin da zai ja katakon wani Bature ne makanike, jajir kamar an gasa shi, gashi har a kafaɗa, ba riga, sai ɗan kamfai. Na kau da kai. Sai ga maigidana an ba shi irin kamfan ya sa, cinyoyinsa a waje a gaban matan mutane, mutumin da ko a gabana ba ya zama haka. Matan gidan suna leƙe ta bayan labulen rumfa suna ƙyalƙyala dariya.

Baturen ya dubi kayan ya dubi maigida, ya yi ta surutu da gurɓataccen Larabci. Alhaji Sa'idu yana fassara abin da ya ga dama, sauran na gane da idona. Baturen ya ɗaga rigar nan mai kumburi ya nuna maigida, Sidi ya karɓe ya ce tasa ce, a ba shi ɗamara. Ya nuna doguwar igiya, Sidi ya ce a Bairut gwanaye gajera suke riƙewa. Baturen ya ɗauko katako biyun nan ya dage, har ya jefar da tsumman hannunsa. A nan dai Sidi ya ce to, sau ɗaya.

Aka ba maigida biyun, aka sassauta masa takalmansu, ya tsuguna cikin ruwa, jirgi ya ja. Wallahi sai ga shi a tsaye. Ya zagaya ya dawo yana washe baki, irin dariyar da na manta yana da ita. Da a nan aka tsaya da ban rubuta komai ba.

Aka kawo siririn. Baturen ya sa maigida ya tsaya a kan yashi ƙafa a haɗe, ya zagaya bayansa, ya hankaɗa shi ba zato. Maigida ya yi taga-taga ya tare da ƙafar hagu. Ya sake, hagu dai. Baturen ya buga cinyarsa ta hagu ya nuna takalmin gaba. Nufinsa, ƙafar da jiki ke fara jefawa don ya tsira, ita ake sa wa a gaba.

Ni na san gaskiyarsa. Maigidana bahago aka haife shi. Uwarsa ta raba hannunsa da hagunci da muciya, amma ba wanda ya bi ta kan ƙafa. Da hagu yake fara hawa bene, da ita yake shiga kwalekwale.

Alhaji Sa'idu ya tuntsire da dariya. "Ka ji Nasara. Wai ka gabatar da ƙafar shiga bayan gida. Kai da ka yi ɗawafi, ka sha Zamzam, za ka hau tekun Allah da hagu?"

Maigida ya ɓata rai. Ya ce, "Ni da dama nake fara abu. Da bisimilla."

Na matso na ce, "Malam, ai wannan ba masallaci ba ne."

Alhaji Sa'idu ya ce, "Ke hurma, koma wajen tukwanenki."

Baturen ya sake buga cinyar hagun. Maigida ya girgiza kai, ya ce a'a. A iya zamana da shi ranar na fara jin kalmar ta fito daga bakinsa da ƙarfi, kuma ga wanda ya faɗa wa. Baturen ya durƙusa zai kwance kusoshin takalmin, Sidi ya daka masa tsawa. Baturen ya ɗaga hannuwa sama, ya tofar da yawu, ya shiga jirginsa. Aka sake aiko a karɓi sabulu.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗa. Jirgi ya ja, maigida ya kifa. A sake, ya kifa ta ɗaya gefen. Katakon sai karkacewa yake ƙarƙashinsa kamar jakin da bai san mahayinsa ba. Wani jan bai saki igiyar ba, don ba wanda ya ce masa ya saki, aka yi ta jansa a ƙarƙashin ruwa. Ya ɗago yana aman ruwan gishiri, majina har haɓa. Sidi yana zaune a jirgi sanye da rigar hana nutsewa, kwalbar lemo a hannu, yana cewa a rage igiya, a ƙara wuta. A rumfa kuwa ana cin kankana ana tofar da 'ya'yanta a yashin da zan share.

Can dai maigida ya tashi. Yana rawa, yana tangaɗi, amma a tsaye. Sidi ya yi ta nuna masa da hannu ya fita gefe, ya ƙetare tudun ruwan da jirgi ke bari a baya. Maigida ya karkata. Hancin katakon ya soke cikin ruwa, jikinsa ya wuntsila gaba, ƙafar baya ta fita, ta gaba ta ƙi. Katakon ya juya, shi ma ya juya, amma ba gefe ɗaya suka bi ba.

Daga inda nake ban ji ƙara ba. Ɗamarar ta riƙe kwankwasonsa a sama, fuskarsa a cikin ruwa. Baturen ne ya yi tsalle ya ɗago kansa. Da aka kawo shi gaɓa, ƙafar na cikin takalmin har yanzu, yatsun suna kallon inda bai kamata ba. Baturen ya zaro wuƙa ya farke robar, Sidi yana ihu kada ya yanka. Da ƙafar ta fita, Sidi ya ɗauki katakonsa ya juya shi, yana shafa ƙarfen nan na wutsiya ya ga ko ya lanƙwashe.

Maigida ya buɗe ido ya ce, "Alhaji, katakon bai ɓace ba ko?"

Baturen ya ce asibiti, ya nuna motarsa. Alhaji Sa'idu ya ja ni gefe, muryarsa ta yi laushi.

"'Yar uwa, ki yi tunani. Asibiti za su ce ina iƙama. Daga gadon sai kurkuku, daga kurkuku sai jirgi, ke da goyonki a bar ku a nan. Kuma sunan gidan nan ba zai shiga bakin hukuma saboda ga-ruwa ba. Ma'alesh. In an tambaya, ki ce daga bene ya faɗo da garwa."

Ban san ko gaskiya ya faɗa game da asibitin ba, har yau ban sani ba. Tsoro ya sa na bi. Baturen ya ɗaure ƙafar da filafilin jirgi da ya karya biyu. Aka kwantar da maigida a bayan a-kori-kura, amma ba a tashi ba sai da aka gama cin abincin rana, ni na wanke kwanukan. Dada Zahra ta cire mayafinta ta naɗe ta sa masa a ƙarƙashin gwiwa, ta karɓi Ta-Sudan ta riƙe har Makka don in tallafi kansa. Duk ramin da mota ta faɗa sai ya ciji hannun rigata.

A Mansur Iya Gambo ta kira wani maɗori Basakkwace. Ya taɓa, ya yi tsaki, ya ce wannan ba karaya ba ce irin ta faɗuwa, murɗe ƙashin aka yi kamar ana matse wanki. Ya tambayi abin da ya faru. Maigida ya ce daga bene ya faɗo. Maɗorin ya dube shi, ya dubi gishirin da ya bushe fari a gashinsa, ya ɗora karansa.

Ƙafar ta kama, amma a karkace, kuma ta fi 'yar uwarta gajarta. Garwa ɗaya ma ba ya iya hawa tudu da ita. Daga gidan Shisha an aiko da buhun shinkafa ƙarami da tsohuwar riga. Alhaji Sa'idu da ya kawo ya tsaya a bakin ƙofa yana toshe hanci, ya ce Sidi na gaisuwa, kuma ya yafe kuɗin robar da aka yanka.

Ban bar wankau a gidan ba. Ina zan je? Bayan an kwana biyu ina goge ɗakin Sidi na ga hoto a jingine a kan teburi. Shi ne a kan ruwa, sanye da rigarsa mai kumburi, doguwar igiya a hannu, yana murmushi. Na duba ƙafafunsa da kyau. Katako biyu ne. Siririn yana rataye a bango don ado, an sa masa sabuwar roba, ni ke kaɗe masa ƙura.

Maganar komawa gida mun daina yinta. Hanyar da muka biyo ba ta gurgu ba ce, kuɗin jirgi kuwa wankau ba ya tara shi. Ta-Sudan tuni ta fara tafiya, har tana kwaikwayon ɗingishin ubanta tana dariya, ba ta san komai ba. Shi kuma yanzu yana zama a bakin titin Mansur kusa da masu tsire, da faifan aswaki da gyaɗa soyayya a gabansa. Duk shekara in alhazan gida suka zo sai sun tsaya a kansa, kowa da tambaya ɗaya: "Malam, me ya sami ƙafar?" Sai ya ce bene ne. In ya dawo ranar ba ya cin abinci, don ƙaryar na ƙona shi, gaskiyar kuma ya kasa faɗa.

Shi ya sa na zauna na rubuta da ɗan karatun yaƙi da jahilcin da na samu a gida, in an ga kuskure a yi haƙuri. Ga abin da ya sami ƙafar, na faɗa muku duka. Wanda Allah ya kawo shi Makka a cikinku, in ya bi ta Mansur ya ga wani dogo baƙi da sanda a gefensa, ya yi masa sallama, ya ba shi labarin ruwan Wudil ko ya cika bana, ya sayi aswaki ko guda ɗaya ne. Kada ya miƙa masa sadaka, ba ya karɓa. Kuma don Allah kada ya tambaye shi ƙafa.